Kiwon kifi a tafkin tamfol: Yaushe ya dace a sauya famfo da matatar ruwa?

Tafkin tamfol, wanda ake kafa shi a kan ƙasa da ƙarafa ko katako ba tare da an haƙa rami ba, ya sauƙaƙa wa ma'aikata da 'yan kasuwa kiwon tarwaɗa a bayan gida ko a gonarsu ta ƙauye. A yammacin Jihar Kano, wato yankin Ƙaraye da Rogo, inda garin Yola yake (ba Yolar Adamawa ba), sana'ar kifi ba baƙuwa ba ce, domin a Ƙaramar Hukumar Ƙaraye madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992. Sai dai kifin madatsa yana da faɗin ruwa, shi kuwa na tamfol rayuwarsa ta rataya ne a kan famfon da ke kawo masa ruwa da matatar da ke tsabtace shi. Da zarar kifaye sun girma, ruwa ya fara wari, tunanin farko da ke zo wa mai kiwo shi ne ya sayi babban inji. Wani lokaci hakan daidai ne, wani lokaci kuma asarar kuɗi ce.

Abin da ke ɓata ruwan

Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, shi ya sa take jure cunkoson da karfasa ba za ta jure ba. Abin da ya fi cutar da ita shi ne sinadarin amoniya da take fitarwa, tare da kashinta da ragowar abinci da ke ruɓewa a ƙasan tafki. Kowane kilo ɗaya na abinci mai yawan furotin yana haifar da kimanin giram 30 zuwa 40 na amoniya, kuma dafinsa yana ƙaruwa idan ruwa ya ɗau zafi, kamar a bazara. Don haka nauyin abincin da ake zubawa a rana shi ne ma'aunin buƙatar ruwa. Kifi 1,000 masu giram 50 da kifi 1,000 masu giram 700 adadinsu ɗaya ne, amma dattinsu ba ɗaya ba ne, kuma famfon da ya wadatar a wata na farko zai iya gazawa a wata na huɗu.

Alamomin lalacewar ruwa sun haɗa da wari, da kumfa, da kifaye su rage cin abinci, ko su riƙa tsayawa a miƙe kusa da saman ruwa, ko kuma gashin bakinsu ya fara gutsurewa.

Lissafi kafin sayayya

Matakin farko shi ne sanin yawan ruwan tafki. A ninka tsawo da faɗi da zurfin ruwa a ma'aunin mita, sannan a ninka da 1,000. Tafki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 da zurfin ruwa mita 1 yana ɗaukar lita 12,000.

Mataki na biyu shi ne auna ainihin ƙarfin famfo. A tara jarka mai lita 25 a bakin bututun da ke zuba a tafki, a duba agogo. Idan ta cika a minti ɗaya, cika wancan tafki zai ci awa 8. Famfon da ke ba da lita 60 a minti zai gama a awa 3 da minti 20. Wannan gwaji ya fi rubutun jikin kwali gaskiya, domin masana'anta kan rubuta iyakar ruwan da famfo ke bayarwa idan ba ya hawa da shi sama, da kuma iyakar tsayin da yake kaiwa idan ruwan ya kusa tsayawa. Famfo ba ya cika alƙaluman nan biyu a lokaci guda.

Mataki na uku shi ne kwatanta wannan lokaci da awannin da ake samun wuta, ko waɗanda aljihu zai iya ɗauka na janareta. Idan kifi ya kai matakin da ake sauya rabin ruwansa kullum, amma famfo ba ya gamawa kafin a ɗauke wuta, to akwai giɓi na gaske.

Ba kullum ne laifin famfo ba

Kafin a yanke hukunci, a duba abubuwa uku. Na farko bututu: idan aka nunka gudun ruwa sau biyu a cikin bututu guda, tirjiyar da yake fuskanta tana ƙaruwa kusan sau huɗu. Babban famfo a kan siririn bututu mai lanƙwasa da yawa ɓarnar wuta ne kawai, kuma sau da yawa faɗaɗa bututun ya fi sabon inji araha da amfani. Na biyu, yashi da laka kan toshe rariyar bakin bututu ko su cinye farfelar cikin famfo, kuma gyaran wannan bai kai kuɗin sabo ba.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci a wannan yanki, shi ne rijiyar kanta. Yammacin Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, inda ruwan ƙasa ke taruwa a tsagogi da ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, saɓanin ƙasa mai yashi ta gabashin Jigawa. Rijiyar burtsatse a irin wannan ƙasa ruwanta yana da iyaka, musamman daga Maris zuwa Mayu. Idan aka zura mata famfon da ya fi ƙarfinta, zai zuƙe ruwan cikin ɗan lokaci, ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Maganin wannan shi ne ƙaramin famfo mai aiki a hankali na tsawon lokaci, tare da tankin ajiya a sama.

Matata iri biyu ce

Akwai matatar da ke tare datti, kamar durom ɗin da laka ke kwantawa a cikinsa, ko soso da raga da tsakuwa. Akwai kuma matatar da ke aiki da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke manne wa tsakuwa ko gutsattsarin roba, suna mayar da amoniya zuwa sinadari mai sauƙin illa. Wannan ta biyu tana buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ta kankama, kuma ƙwayoyinta suna rayuwa ne da iskar da ruwa mai gudana ke kawo musu. Idan wuta ta ɗauke na awanni da yawa sai su fara mutuwa. Wanda ba shi da tsayayyiyar wuta dare da rana, gara ya tsaya kan tsarin zubar da tsohon ruwa a zuba sabo.

Dole ne kuma famfo da matata su yi daidai da juna. Famfon da ya fi ƙarfin matata yana tura datti ya ratsa ta ya koma tafki. Mai ɗiban ruwa daga rafi ko madatsa ya fi kowa buƙatar durom ɗin kwantar da laka da raga mai ƙananan idanu, saboda jan ruwan damina da ƙananan halittun da ke biyo shi. Ruwan burtsatse kuwa yakan fito da ƙarancin iska, don haka a bar shi ya riƙa faɗowa daga sama yana fantsama.

Kuɗin gudanarwa

Farashin inji sau ɗaya ake biya, kuɗin wuta kuwa kullum ne. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya yana daidai da wat 746, abin da yake ja daga layi ma ya ɗara haka, kuma a lokacin tashi yana jan ninki uku ko fiye. Ƙaramin janaretan da ke ɗaukar mai rabin doki zai iya kasa tayar da shi, sai sayen famfo ya jawo sayen janareta. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa Naira 225 a kowane yunit a Afrilun 2024, wannan lissafi ya ƙara nauyi. Famfon sola yana da tsada a farko, amma ya dace da rijiya mai ƙaramin ruwa, tunda yana ja a hankali daga hantsi zuwa la'asar yana tarawa a tanki.

Yadda za a yanke shawara

Sauya famfo ya dace idan gwajin jarka ya nuna ba ya sauya ruwan da ake buƙata cikin lokacin da ake da shi, alhali bututu lafiya lau kuma rijiya tana da ruwa. Ko idan an ƙara yawan tafkuna. Ko idan kuɗin gyara da naɗin waya ya fara kusantar farashin sabo. Ƙara matata ya dace idan ruwa ne ke da wuyar samu amma wuta tana nan.

Idan kuwa saura makonni kaɗan a kwashe kifi, ko cunkoso da yawan zuba abinci ne tushen matsalar, to rarraba kifayen gwargwadon girmansu, da rage abinci, da zuƙe dattin ƙasa kowace safiya sun isa. Lokacin da ya fi dacewa da sauya kayan aiki shi ne bayan an kwashe kifi, kafin a zuba sababbin 'ya'ya. A kuma ajiye tsohon famfon idan yana aiki, domin tafki mai cike da manyan kifaye ba zai jira a je Kano neman kayan gyara ba.