Daga Wuri Zuwa Kati: Tarihin Canji a Bakin Gadar Malanville

'Yan uwa 'yan kasuwa, a wannan biki na zagayowar shekarar ƙungiyarmu, ya dace mu waiwayi tarihin kuɗin da ke aljihunmu.

Kakanninmu fatake da wuri suka yi ciniki a hanyar Gwanja. Har yau sawun wancan zamani yana bakinmu: jaka asalinta jakar wuri ce, dala kuma sunan tsohon kuɗin azurfa ne, ga shi yanzu muna kiran sefa 5 dala, sefa 1,000 jaka. An kafa sefa a Disambar 1945, Najeriya kuma ta bar fam ta koma naira a Janairun 1973. Shi ya sa mai fatauci tsakanin Malanville, Gaya da Kamba yake lissafi iri biyu, kuma ɗan canji ya zama abokin tafiyarsa.

Sau uku canji ya girgiza mu. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyaka, ta ba da 'yan kwanaki kawai a kai tsofaffin banki. Masu tarin naira a wannan ƙetaren da yawa sun wayi gari da takardun da ba su sayen ko albasa. A ranar 12 ga Janairu, 1994, aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Wanda ya ci bashin kayan waje, bashinsa ya ninka a dare guda. A farkon 2023 kuma sauyin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, har mutum ya riƙa sayen naira da naira.

Kati da kuɗin waya sun rage mana fargabar 'yan fashi a hanyar Kandi da Paraku, amma su ma suna da ranar da suke ƙin aiki. A 2022 bankunan Najeriya da dama sun dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, takunkumi ya taɓa bankuna, aka toshe gada, muka koma kwale-kwale. Mai kwale-kwale kuwa tsaba yake karɓa.

Abin da ya riƙe kasuwa a duk waɗannan lokuta shi ne amana: ka ba ɗan canji sefa a nan, abokinsa ya biya dillalinka naira a Kano. Don haka matasanmu, ku raba guzurinku: tsaba don hanya, kati ko waya don manyan biya. Kada ku kwana da tarin kuɗi iri ɗaya, ku tambayi farashi wurin mutum biyu kafin ku canza, ku kuma rubuta kowace yarjejeniya a gaban shaida.

Allah ya ƙara wa kasuwarmu albarka, ya jiƙan magabatanmu.