Sitaj: koyon aiki tun kafin a gama jami'a

Mene ne sitaj?

Sitaj shi ne zaman da ɗalibi yake yi a wata ma'aikata domin ya koyi aiki da hannunsa, tun yana cikin karatu. Yakan ɗauki wata 1 zuwa wata 6. In kuna da ɗa ko ɗiya a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko a jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, za ku ji suna maganarsa, musamman a shekara ta 3, shekarar samun digirin lisans.

Ga misali. Ɗalibin ilimin noma a Maraɗi yana iya zuwa cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna. A aji ya karanta yadda ake gwada irin gero da na wake. A Tarna zai auna fili, ya shuka, ya ƙidaya tsiro, ya rubuta abin da ya gani. Daga baya ya haɗa rahoto, ya kare shi gaban malamansa. Gani ya kori ji.

Wane amfani yake bari?

Na farko, ƙwarewa. Abin da hannu ya yi ba ya saurin ɓacewa kamar abin da aka haddace domin jarrabawa. Ɗalibi yana koyon zuwa a kan lokaci, da rubuta rahoto, da aiki tare da na gaba da shi.

Na biyu, sanayya. Wanda ya ga aikin yaro da idonsa shi ne zai tuna da shi ranar da gurbi ya buɗe, ko bayan shekaru. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai ga ɗan talaka wanda ba shi da kowa a ofis.

Na uku, takardar shaida. Masu ɗaukar ma'aikata sukan tambaya: ina ka taɓa aiki? Takardar sitaj ita ce amsar farko.

Na huɗu, sanin kai. Wani sai ya shiga asibiti ko banki yake gane cewa aikin bai dace da shi ba. Gara ya gane da wuri.

Mene ne naku a ciki?

Sau da yawa ba a biyan mai sitaj, kuma lokacinsa yakan faɗo cikin damina, sa'ad da kuke bukatar hannu a gona. Wannan nauyi ne na gaske. Amma ku auna: noman bana na shekara ɗaya ne, aikin da yaro zai samu kuwa na tsawon rayuwa ne.

Saboda haka:

1. Ku tanadi kuɗin mota da na abinci tun lokacin kaka.
2. Ku nema wa ɗiyarku masauki wurin dangi ko amintattu. Kada nisa ya sa ku hana ta.
3. Ku tabbata an sa hannu a yarjejeniya tsakanin jami'a da ma'aikatar.
4. In an gama, yaro ya karɓi takardar shaidarsa, ya yi mata fotokofi, ya adana ta inda ruwa da gara ba za su kai ba.

Sitaj ba alkawarin aiki ba ne. Amma wanda ya yi shi ya riga ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.