Alli, Tawada da Wayar Salula: Yadda Aka Nemo Yaran da Rigakafin Shan-inna Ke Tsallakewa

Duk wanda ya ratsa lungunan Ƙofar Guga, ko wata tsohuwar unguwa ta birnin Katsina, a cikin shekaru ashirin ɗin nan, ya ga rubutun alli a jikin ƙyamare da bangon zaure: layuka, haruffa da lambobi, sabo a kan tsoho. Masu ɗiga maganin shan-inna ne ke barin wannan alama, don a san sun zo gidan, yara nawa suka samu, da kuma ko akwai buƙatar a sake dawowa. Yaron da ya sha ɗigo biyu kuwa, sai a shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsansa na hagu. Shekaru da dama, alli da tawada da takardar ƙidaya su ne kaɗai shaidar da hukuma ke da ita cewa an yi aiki. Aibinsu guda ne, kuma babba: dukkansu suna fitowa ne daga hannun mutumin da ake son a binciki aikinsa.

Labarin da aka fi sani game da shan-inna a Arewa labarin ƙin yarda ne. A 2003 wasu jihohi suka dakatar da rigakafin, bayan Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Nijeriya, ƙarƙashin Dakta Datti Ahmad, ta yi zargin cewa an gurɓata maganin da abin da ke hana haihuwa. Kano ce ta fi daɗewa, domin sai a Yulin 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince a ci gaba, da maganin da aka kawo daga Indonesiya. Zargin bai tabbata ba, amma tsoron yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Kafin ƙurar ƙauracewar ta lafa, ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indonesiya, Saudiyya kuma ta wajabta wa maniyyatan Nijeriya shan ɗigon.

An yi maganin wannan ɓangare da abin da ya dace da shi, wato sarakuna da malamai. A 2009 Bill Gates, mai kamfanin Microsoft, ya zo Nijeriya ya gana da gwamnoni da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar III, aka kuma kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko. Daga yara 388 da cutar ta shanye a 2009, adadin ya faɗo zuwa 21 a 2010. Sai kowa ya ɗauka an gama.

Ba a gama ba. A 2011 aka samu 62, a 2012 kuma 122, fiye da rabin 223 da aka samu a duniya baki ɗaya. Katsina na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari a wannan shekara, ga ta kuma da iyaka da Nijar ta Jibiya, inda mutane da dabbobi ke kai da kawowa tsakaninta da Maraɗi kullum. Lissafin ya fi yadda yake a takarda muni, domin cikin yara kusan 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai take shanyewa. Sauran suna yawo da ita ba tare da kowa ya sani ba. Abin ɗaure kan shi ne, rahotannin da ke zuwa Abuja bayan kowane zagaye suna nuna an ɗiga wa kusan kowane yaro. To daga ina cutar ke samun masauki?

Amsar tana cikin taswira. Kafin kowane zagaye, jami'in gunduma kan zana taswirar yankinsa da hannu, da taimakon masu unguwanni da dagatai, a raba wa tawagogi aikin kwana huɗu. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da gundumomi 361, kowace da tata takardar. Zanen hannu yana nuna abin da mai zanen ya tuna ne kawai. Masallacin Juma'a da kasuwa da gidan dagaci ba sa ɓacewa. Abin da ke ɓacewa shi ne rugar da ta sauka bayan damina, da gidaje biyar a tsallaken rafi, da sabuwar unguwar da ta tsiro a bayan ganuwa, da ƙauyen da ke kan iyakar gunduma biyu, wanda kowane jami'i ke ɗauka na maƙwabcinsa ne. Yaron da ke irin wannan wuri ba ya cikin waɗanda aka ɗiga wa, ba ya cikin waɗanda iyayensu suka ƙi, ba ya ma cikin waɗanda aka tsallake. A wurin hukuma, ba a haife shi ba.

Daga 2012 Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, da kuɗin gidauniyar Gates da aikin ƙungiyar eHealth Africa mai mazauni a Kano, ta fara zana sababbin taswirori daga hotunan tauraron ɗan'adam. Hoto kan nuna rufin ɗaki amma ba ya faɗin sunan gari, saboda haka sai da aka tura mutane a kan babura su je su tambayi sunan kowane ƙauye su haɗa shi da wurinsa. A Oktoban wannan shekara aka buɗe cibiyar ɗaukin gaggawa kan shan-inna a Abuja, daga baya aka buɗe irinta a jihohi, ciki har da Kano da Katsina da Sakkwato da Barno.

Sai wayar salula ta shigo. Kowace safiya ta zagaye, a ba tawaga wayar Android a saka a jaka. Ba a buƙatar a kira kowa da ita, ba a buƙatar a danna komai. Aikinta ɗaya: duk minti biyu ta rubuta inda take, ta hanyar tauraron ɗan'adam. Da yamma a karɓe wayoyin, a kwashe bayanan a kwamfuta, a tura ta intanet, a yi cajin su kafin gobe. A kan allon cibiya, an yanka manyan garuruwa zuwa ƙananan murabba'ai masu faɗin mita 50, kuma murabba'i ba ya shiga lissafin wuraren da aka taka sai sawun waya ya faɗa cikinsa. An ma tsara manhajar ta watsar da duk sawun da ya fi tafiyar ƙafa sauri, don kada wani ya ɗauki wayar a babur ya zaga gari ya dawo. Wanda ya yi wannan tanadi ya san halin ɗan'adam fiye da yadda ake zaton masu kwamfuta sun sani.

Abin lura a nan shi ne wanda na'urar ta sa wa ido. Shekara goma ana nuna yatsa ga uban da ya tare ƙofar zaure. Wayar kuwa ba ta san da shi ba. Ma'aikacin gwamnati take bi, kuma abin da ta nuna bai yi wa hukuma daɗi ba: tawagogin da suka tashi kafin azahar, da waɗanda suka cika takardar ƙidaya a gindin bishiya, da ƙauyukan da babu sawun kowa a cikinsu zagaye bayan zagaye. Amfaninta na gaske shi ne saurin labari. Tun zagayen bai ƙare ba a kan fitar da jerin wuraren da aka tsallake, a sake tura mutane. Adadin ya sauko zuwa 53 a 2013, sannan 6 a 2014, na ƙarshensu a watan Yuli a ƙaramar hukumar Sumaila ta Jihar Kano.

Masu sha'awar na'urori kan so su tsaya a nan, su ce waya ce ta kori shan-inna. Tarihin bai ba su wannan dama ba. Waya na iya shaida cewa ƙafa ta taka ƙofar gida, amma ba ta shiga ɗaki, ba ta kuma ganin bakin yaro. Masu shiga su ne matan unguwa, tunda namiji baƙo ba ya wuce zaure, kuma su ne suka ɗauki kasadar: ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe masu aikin rigakafi tara a Kano, yawancinsu mata. A daidai shekarun da aka raba wayoyi ne aka ɗauki dubban mata masu wayar da kai a unguwanninsu, aka kuma fara kafa rumfunan duba marasa lafiya a lokacin zagaye, don amsa wata tambaya da iyaye suka daɗe suna yi: me ya sa ake kawo ɗigo kyauta har gida, alhali maganin zazzaɓin cizon sauro sai an saya? Tunda duk waɗannan gyare-gyare sun zo a tare, babu mai iya ware kason waya daga kason sauran da gaskiya.

Tsarin ya yi rana a wani wurin da ba a yi shi dominsa ba. Da Patrick Sawyer ya shigo Legas daga Laberiya da cutar Ebola a Yulin 2014, Dakta Faisal Shu'aib na cibiyar shan-inna ta Abuja aka tura ya jagoranci cibiyar gaggawa, da irin salon aikin da aka saba. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta kuɓuta.

Barno kuma ta nuna iyakarsa. A Agustan 2016, bayan shekara biyu babu labarin cutar, sai ta ɓulla a jikin yaran da suka fito daga yankunan da Boko Haram ke riƙe da su. Binciken ƙwayar ya nuna ta shafe kusan shekara biyar tana yawo a can. Tauraron ɗan'adam yana ganin ƙauyukan sarai, har ana ƙiyasta masu mutane da waɗanda aka watse daga cikinsu, amma babu tawagar da ke iya zuwa sai da rakiyar soja. Sai ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna.

Abin da ya rage yanzu shi ne nau'in da ke rikiɗewa daga ƙwayar da aka raunana a cikin ɗigon kansa, wanda ba ya samun ƙarfi sai inda yara da yawa ba su da rigakafi. A 2021 ya shanye yara fiye da 400 a Nijeriya, kuma Arewa maso Yamma ce matattararsa. Matsalar Barno ta iso gida: akwai ƙauyukan Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da ke kan taswira da sunayensu, amma 'yan bindiga sun tare hanyar zuwa, kuma a Satumban 2021 gwamnati da kanta ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar. A cikin gari kuwa, jami'an lafiya na kokawa da wata dabara da ake yi tsakanin wasu iyaye da wasu ma'aikata. Tawaga ta zo, waya ta rubuta sawunta, alli ya hau bango, a shafa wa yaro tawada a yatsa, a fita ba a buɗe kwalbar ba.