Moog da Buchla: Lantarki Ɗaya, Sauti Biyu

 Yau tarihin wata na'urar kiɗa za mu shiga, kuma na san wasu za su ce me ya haɗa mu da ita. To ku ɗan yi haƙuri. Duk wanda ya taɓa leƙa situdiyo ya ga fiyano: a danna maɓalli a ji sarewa, a danna wani a ji ganga. An riga an dafa sautin a kamfani, kai ɗiba kawai kake yi. Kakar wannan fiyanon ba haka take ba. Sunanta sintasaiza, kuma ta farko gunduwa-gunduwa take zuwa. Kowane gunki, wanda ake kira modul, aiki ɗaya ya iya. Kai za ka zaɓi waɗanda kake so, ka haɗa su da wayoyi, sannan sauti ya fito. In ka yi zaɓen tumun dare, shiru za ka ji, ko kuma ƙara mai ciwon kai.

A 1963 wani injiniya mai suna Robert Moog yana sayar da kayan haɗa wata na'urar kiɗa, teremin, a jihar New York ta Amurka. Ya haɗu da wani malamin kiɗa, Herb Deutsch, kuma a 1964 suka zauna a shagon Moog da ke ƙaramin garin Trumansburg suna gwaje-gwaje. Dabarar da suka tsaya a kai ita ce ƙarfin lantarki ya zama shi ne hannun makaɗi. Ku tuna mai kalangu: in ya matse tsarkiya murya ta hau, in ya saki ta sauka. A na'urar Moog lantarki ne ke matsewa. Ƙara bolt 1, sauti ya ninka tsayinsa. Har yau akasarin masu ƙera modul a kan wannan ma'aunin suke.

Moog ya fara da osileta, wato modul mai haifar da sauti, kuma sautin da take bayarwa kakkaura ne mai kaushi, kusan kamar algaita. Daga nan sai filta. Ita rariya ce, tana tace kaushin. Ku gwada da bakinku: ku ja "aaa", sannan a hankali ku tsuke leɓe ya koma "uuu". Muryar ba ta canza tsayi ba, haskenta ne ya ragu. Aikin filta ke nan, kuma ta Moog ce ta yi suna, saboda ɗumin da take bai wa sauti. Sai wani modul da ke tsara yadda sauti zai shigo da yadda zai mutu. Tsinka gurmi, sauti ya faɗo nan take ya ɓace. Goga goge, ya taso a hankali ya daɗe. Vladimir Ussachevsky na Jami'ar Columbia ne ya taimaka aka tsara wannan modul ɗin gida huɗu. Deutsch kuma ya nace a saka madannai irin na fiyano, don mawaƙa su ga abin da suka saba da shi.

Yanzu mu tsallaka ɗaya gefen Amurka, San Francisco, a daidai wannan lokacin. Can wasu mawaƙa biyu, Morton Subotnick da Ramon Sender, sun gaji da yanka tef da reza suna liƙawa. Suka samu dala 500 daga Gidauniyar Rockefeller, suka ba wani injiniya, Don Buchla, ya ƙera musu na'ura. Buchla bai san abin da Moog ke yi ba. Shi ma lantarki ya sa ya zama hannun makaɗi, amma ya ƙi madannan fiyano ƙememe. A ganinsu, in ka ba mutum fiyano, tsohon kiɗa zai sake kaɗawa. Sai ya saka farantan taɓawa, da wani modul mai jera sautuka yana maimaita su da kansa. Hanyarsa ma akasin ta Moog ce: ya fara da siririn sauti mai tsabta, ya sa wata osileta ta riƙa jijjiga shi har ya yi kauri. Daga 1970 ya ƙara wata ƙofa da ke rage ƙarfin sauti da haskensa lokaci guda, shi ya sa na'urarsa ke fitar da wani "tak, tok" kamar ana buga ƙaramar ganga ta itace.

Sakamakon ya fito a faifai biyu. A 1967 Subotnick ya saki Silver Apples of the Moon da na'urar Buchla. Gaskiya ranar da na fara saurarensa ban gane gabansa da bayansa ba, kamar tsuntsayen ƙarfe na faɗa. A 1968 Wendy Carlos ta saki Switched-On Bach da na'urar Moog, kiɗan Bach na ƙarni na 18 da kowa a can ya sani. Na'urar sauti ɗaya kawai take iya fitarwa a lokaci guda, don haka layi-layi ta ɗauka tana ɗorawa a tef. Faifan ya ci kyautar Grammy 3, kuma daga nan kasuwa ta koma wajen Moog. The Beatles sun saka ta a Abbey Road a 1969. Ni dai ina ganin Deutsch ne ya ci wannan gardamar da madannansa, ko da yake kunnena yanzu ya fi karkata wajen Buchla.

Abin dariya, nasarar ce ta kashe zaɓin. A 1970 kamfanin Moog ya fitar da Minimoog: osileta 3, filta 1, an riga an haɗa wayoyin a ciki. Sun duba abin da mawaƙa suka fi haɗawa, suka kulle shi a akwati ɗaya. Da Yamaha DX7 ta fito a 1983 da sautukanta na dijital, manyan akwatunan wayoyi suka koma kayan sito. Sai a tsakiyar shekarun 1990 wani Bajamushe, Dieter Doepfer, ya dawo da su da tsarinsa na A-100, ƙanana kuma masu sauƙin kuɗi. Girman da ya zaɓa shi ne ya zama Eurorack, inda yau za ka iya jera filta irin ta Moog kusa da ƙofa irin ta Buchla a akwati ɗaya.

A nan ne tarihin ya yi min amfani. Kuɗin modul na gaske ya fi ƙarfin aljihuna, don haka na sauke VCV Rack, manhajar kyauta da ke kwaikwayonsu a kwamfuta. Ranar farko na jera osileta har huɗu saboda su ne masu kyan gani, na manta da ƙofar da ke buɗe sauti ta rufe shi. Ƙara ta kama ba tsayawa, har ƙanwata ta leƙo tana tambaya ko janareta ne ya lalace. Abin da nake nema sautin tsinke ne irin na gurmi. Da na koma kan jerin Moog, sai na ga osileta ɗaya ta isa, da filta, da ƙofa, da mai tsara shigar sauti wanda aka saita ya faɗo nan take ya mutu da wuri. Ya fito, amma ya yi santsi da yawa, babu ɗanɗanon ƙwarya da fata. Na cire filtar da ƙofar, na saka ƙofa irin ta Buchla a madadinsu, sai ga shi ya matso kusa. Ƙarar farce a kan tsirkiya ce har yanzu ban samu ba, ita nake nema a wannan makon.