NIJAR TA BAR ECOWAS: INA MAKOMAR CINIKINMU?

Rubutun na yau ya ɗan yi tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yi sharhi.

Tun ranar 29 ga Janairu 2025 da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, muhawarar da nake gani a nan ta rabu biyu. Wasu na cewa shi ke nan, ciniki tsakaninmu da Nijar ya mutu. Wasu kuma na cewa ai babu abin da zai sauya, tunda uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ni dai a ganina kowane ɓangare ya kama rabin gaskiya ne, kuma tarihi zai raba mana gardama.

Cinikin nan ya girmi ƙasashen biyu. Tun kafin zuwan Bature ayarin fatake ke sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da baƙin yadin Kano ta Damagaram har Agadas. Ita kanta Maraɗi, sarakunan Katsina da suka bar birnin bayan jihadi a 1807 ne suka kafa mulkinta, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Iyakar da muke magana a kai, mai tsawon kusan kilomita 1,500, Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906. ECOWAS kuwa sai ranar 28 ga Mayu 1975 aka haife ta a Legas. Yarinya ce a cikin wannan labarin.

To ga abin da aka cika mantawa. Daga 1984 zuwa 2023 sau uku ana garƙame wannan iyaka, kuma duk ukun ƙasashen biyu suna cikin ECOWAS.

Na farko, Afrilun 1984, lokacin canjin kuɗi na gwamnatin Janar Buhari. Ba a buɗe ba sai Maris 1986, zamanin Babangida. Rufewar ta haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokacin suna El Buhari.

Na biyu, Agustan 2019, don hana shigo da shinkafa da fitar da fetur. Har aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai Disamba 2020 aka buɗe Illela da Maigatari.

Na uku, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma wannan karon ECOWAS ɗin ce da kanta ta ƙaƙaba takunkumi. Nijeriya ta katse wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan take zuwa. Tireloli suka yi layi a Jibiya da Illela, kayan gwari suka ruɓe a ciki. Sai Maris 2024 aka buɗe.

Wa ya ci riba? 'Yan sumoga da masu karɓar na goro a hanya. Kaya bai daina ƙetarewa ba, sai dai ya koma daji a kan babur, ya iso kasuwa da tsada. Wanda ya ji jiki shi ne mai albasar Galmi, da mai shanun da ke kawowa Maigatari, da ɗan kasuwar Dawanau da ke jiran wake, da matar da ke awo da kwano. Ashe zama ɗan ƙungiya bai taɓa zama garkuwa ba.

Sannan fita ba ta nufin an rufe ƙofar ciniki. Muritaniya tana cikin waɗanda suka kafa ECOWAS, ta fice a Disamba 2000. A 2017 ta dawo ta sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa ta kasuwanci da ƙungiyar, ba tare da ta koma mamba ba. Darasin a nan biyu ne: ana iya shigowa ta ƙofar kasuwa a bar ta siyasa, amma fa sai da aka ɓata shekara 17. Mu ba mu da wannan sararin, don Muritaniya ba ta da Jibiya da Ɗan Isa.

Yanzu a ina muke? ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, a kuma bar kayansu su ci moriyar tsarin sassaucin haraji, amma har zuwa lokacin da za a sake sanarwa. Wato aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. A Maris 2025 ƙasashen AES suka sa harajin kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da ake shigarwa daga waje. Kuɗin kaɗan ne, amma ya nuna cewa kowa ya fara gina katangarsa.

Abin da ke ba ni fata shi ne muna da tsohuwar rijiya da ba ta ƙafe ba. A 1971, shekara huɗu kafin ECOWAS, zamanin Gowon da Diori Hamani, aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar, hedikwatarta na Yamai. Ficewa daga ECOWAS bai shafe ta ba. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021. Nijar ba ta da teku, dangantakarta da Benin ta yi tsami, dole tana neman hanya. Mu kuma muna buƙatar dabbobinta da wakenta, da kasuwar da za ta sayi simintinmu da taki da kayan masana'antun Kano.

Don haka ni ban damu da ta koma ko kada ta koma ba, wannan ruwan 'yan Nijar ne. Damuwata a zauna a rubuta, ƙasa da ƙasa: wane kaya ne zai wuce ba haraji, nawa ne kuɗin fito, shinge nawa ne halal tsakanin Kano da Maraɗi, kuma a amince cewa ko shugabanni sun ɓata ba za a sake rufe hanya kan abinci da magani da wuta ba. Gwamnonin jihohin iyaka da 'yan majalisarmu su ne ya kamata su matsa, don mutanensu ne ke kwana da yunwa idan aka rufe, ba na Abuja ko Yamai ba.

'Yan'uwa na Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, da 'yan kasuwarmu da ke bin hanyar nan, ku faɗa mana yadda abin yake a ƙasa yanzu. A yi sharhi cikin mutunci don Allah, ban da zagi.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.