Birnin Salvador na Ƙasar Burazil: Yanayin Wurinsa da Tarihin Hausawan Cikinsa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi birnin Salvador, hedikwatar jihar Bahiya ta ƙasar Burazil, inda ake magana da harshen Fotugis. Manufarta ita ce nuna yadda yanayin wurin da birnin yake ya tsara irin aikin da bayi suka yi a cikinsa, da kuma yadda wannan aiki ya ba su damar haɗa kai.

2.0 Yanayin Wuri da Tsarin Mulki

Salvador na zaune ne a kan wani tsinin ƙasa tsakanin Tekun Atilantika da wani babban gulbin teku mai suna Todos os Santos. Tomé de Sousa ya kafa shi a 1549, ya kuma kasance babban birnin mulkin Fotugal a Burazil har 1763, lokacin da aka mayar da kujerar mulki Rio de Janeiro. Ƙidayar 2022 ta nuna mazaunansa sun kai kimanin miliyan 2.4, fiye da kashi 80 cikin 100 baƙar fata ne ko ruwa-biyu. Zaɓaɓɓen magajin gari da majalisar kansiloli ke tafiyar da shi.

Wani tudu mai tsawon kimanin mita 85 ya raba birnin biyu. A bisa tudun aka gina fadar gwamna da majami'u da gidajen masu hali, a ƙasa kuwa akwai tashar jiragen ruwa da rumbuna da kasuwanni. Sai a 1873 aka kafa na'urar Lacerda mai hawa da sauka da mutane.

3.0 Bayi da Tudun Birni

Kafin wannan na'ura, bayi ne ke hawa da kaya a ka, su kuma ɗauki iyayengijinsu cikin kujeru. Da yawansu ana sakinsu su nemi aikin dako, su riƙa kai wa ubangida wani ƙayyadadden kuɗi. Kowace ƙabila na da zangonta a kusurwar titi, da shugabanta. Ta haka suka riƙe harsunansu, masu ilimi a cikinsu kuma suka koyar da karatun Alƙur'ani.

Tabar da ake nomawa a kewayen gulbin ita ake kaiwa Wida da Ikko a musanya da bayi. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun ƙara yawan Hausawan da aka tsallaka da su. A 1807 hukuma ta bankaɗo wani shirin bore na Hausawa, a 1814 kuma wani ya ɓarke a Itapuã. Mafi shahara shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin watan Azumi, wanda Yarabawa Musulmi suka jagoranta tare da wasu Hausawa. An murƙushe shi a Água de Meninos, a kan hanyar fita zuwa gonakin rake, aka kuma sami layu da takardun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

4.0 Kammalawa

Tudun da ya wahalar da bayi shi ne ya fito da su titi, inda suka san juna. Ga masu nazarin harshe kuwa, akwai aiki a gaba. Francis de Castelnau, ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, ya buga hirarrakinsa da bayi Hausawa a 1851, Nina Rodrigues kuma ya tattara kalmomin Hausa daga bakin tsofaffin birnin. Ya kamata masananmu su kwatanta waɗannan kalmomi da karorin Hausa na yau, domin a gano garuruwan da aka kwaso masu faɗinsu.