Faɗuwar Gwamnatin PDP a Kano a Zaɓen 2003: Dalilai da Darasi

Gabatarwa

Ko da yake an cire Jihar Jigawa daga Kano tun ranar 27 ga Agusta, 1991, mutanen ƙasar Gumel ba su taɓa kawar da kai daga siyasar Kano ba. Fataken da ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da kaya da labarin Kano suke zuwa. Saboda haka ya dace mu duba abin da ya faru ranar 19 ga Afrilu, 2003, lokacin da Malam Ibrahim Shekarau na ANPP, jam'iyyar da ake yi wa kallon ta masu ra'ayin mazan jiya, ya kayar da gwamna mai ci, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na PDP.

Dalilan Faɗuwar

Ba rashin aiki ne ya kayar da gwamnatin ba, domin ta kai wutar lantarki karkara, ta kuma kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil a 2001.

Dalili na farko shi ne Shari'a. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da ita a 1999, Kano ta bi sahu a 2000, amma malamai da jama'a da yawa suna ganin matsin lamba ne ya sa gwamnati ta amsa, ba ra'ayinta ba. ANPP kuwa ta yi alkawarin aiwatar da ita sosai, aka kuma gaskata ta.

Na biyu, rigimar cikin gida. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwamna ya saɓa da wasu jiga-jigan jam'iyyarsa, irin su Alhaji Abubakar Rimi da Ghali Umar Na'Abba, har aka shiga zaɓe kai ba a haɗe ba.

Na uku, mutumin da aka tsayar. Shekarau malamin lissafi ne da ya shugabanci makarantun sakandare, ya kai muƙamin babban sakatare, sannan aka mayar da shi koyarwa a kwaleji, ya ajiye aiki. Malaman makaranta da ma'aikata suka ɗauke shi nasu ne wanda aka wulaƙanta, suka zame masa 'yan kamfe ba da ko sisi ba.

Na huɗu, guguwar Janar Muhammadu Buhari, wanda ya tsaya wa ANPP takarar shugaban ƙasa. Rana ɗaya aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna, don haka wanda ya fito domin ƙin Obasanjo, da wuya ya dangwala wa PDP a takarda ta biyu. Bugu da ƙari, talakawa sun tsaya a rumfunan zaɓe, sun raka ƙuri'unsu har wurin tattara sakamako.

Kammalawa

Mai karatu zai lura cewa biyu daga cikin dalilan nan gwamnati ce ta haifar wa kanta. Mu ma a Jigawa mun ga irin haka: ANPP ta dare bayan Gwamna Ibrahim Saminu Turaki ya koma PDP, sai ga Alhaji Sule Lamido ya karɓi mulki a 2007. Shi kuma Kwankwaso, da ya koma ya gyara tsakaninsa da jama'a, ya sake hawa kujerar a 2011. Ashe talaka ba titi da fitila kaɗai yake ƙirgawa ba. Yana duba ko an mutunta abin da ya yi imani da shi, da kuma mutanen da yake ganin girmansu.